WAYAR HANNU DA SITIYARI: INA NA'URA ZA TA SHIGA TSAKANI?

Maganar yau a kan direban nan ne da ke riƙe da sitiyari da hannu guda, ɗaya hannun kuwa yana rubuta saƙo a waya, da kuma dabarun da masana suka ƙago don su raba shi da wannan hali.

A shekarar 2009 cibiyar binciken sufuri ta Jami'ar Virginia Tech da ke Amurka ta bayyana abin da ta gano bayan an kafa kyamarori cikin manyan motocin ɗaukar kaya. Direban da ke rubuta saƙo, haɗarin da yake ciki ya ninka na wanda ya mai da hankali ga hanya har sau 23. Idonsa kan bar titi na daƙiƙa 4.6. In yana gudun kilomita 90 cikin sa'a, ya shafe fiye da tsawon filin ƙwallo ke nan bai ga gabansa ba. A 2021 kaɗai mutum 3,522 suka rasu a Amurka ta dalilin shagalar direbobi iri-iri.

Dabara ta farko cikin wayar kanta aka sa ta. A 2017 kamfanin Apple ya fito da wani tsari wanda, da zarar waya ta ji mota na tafiya, sai ta yi gum, ta ɓoye saƙonni, har ta amsa wa mai aikowa cewa mai ita yana tuƙi. To, amma fa waya ba ta san direba ba, ba ta san fasinja ba. Saboda haka aka bar wani wuri da mutum zai taɓa ya ce ba shi ke tuƙi ba, nan take ta buɗe. Watau an ba kura ajiyar nama. Direba mai natsuwa ya amfana, wanda kuwa aka yi abin dominsa ya taɓa ya wuce.

Jihar New South Wales ta ƙasar Ostireliya ba ta tsaya neman yardar direba ba. Ta rataya kyamarori a saman titi masu leƙa cikin mota ta gilashin gaba, dare da rana. Kwamfuta ke tace hotunan, ta ware waɗanda ake zargi, sa'an nan ma'aikaci ya duba da idonsa kafin a yanke hukunci. A gwajin da aka yi cikin 2019 an duba motoci wajen miliyan 8.5, aka sami direbobi fiye da 100,000 da waya a hannu. Aka soma aiki sosai a watan Disamba na shekarar, wata uku ana aika takardar gargaɗi kawai, daga Maris na 2020 kuma sai tara.

Tarayyar Turai ta bi ta kan masu ƙera motoci. Dokarta ta tilasta a sa na'urar da ke lura da inda direba ke kallo, ta yi masa ƙara in ya daɗe bai dubi hanya ba: sababbin samfura daga Yuli na 2024, kowace sabuwar mota daga Yuli na 2026.

Wannan ba za ta iso Nijeriya da wuri ba, domin yawancin motocin ƙasar nan sai sun tsufa a Turai ko Amurka kafin a sauke su a Legas ko Kwatano. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ta lissafa amfani da waya a kan tuƙi cikin laifuffukan da ake cin tara. Sai dai jami'in da ke tsaye bakin hanya idonsa kaɗai gare shi, direba kuwa yakan hango shi daga nesa ya saki wayar a cinya. Kyamara irin ta Ostireliya za ta toshe wannan kafa, amma tana bukatar wutar lantarki wadda ba ta yankewa, da rajistar lambobin mota mai ɗauke da adireshi na gaskiya, don takardar tara ta sami mai laifi har gida.