Lakwal ta rufe, wa zai tsare yara?

 

Bari in fara da gidanmu. Yayata ungozoma ce a nan Maraɗi, mijinta direba ne, sai ya yi kwana huɗu bisa hanya. Ranar da aka ba yara babban hutu, ɗiyarta mai shekara 11 ta zama uwa. Ita ke goyon ƙanenta, ita ke ɗora tukunya. Bara ruwan zafi ya zubo mata a ƙafa, har yau tabon na nan. Uwarta tana can tana karɓar haihuwar wasu.

Ku lissafa tare da ni. Hutu wata uku ne, daga watan 7 har ƙarshen watan 9. Dokar aiki ta ba ma'aikaci wata ɗaya a shekara. Sauran biyun fa? Mai tuyar ƙosai da mai awo a kasuwa kuwa, ko yini guda ba su da shi. A 2024 ma ambaliya ta sa an ɗage komawa lakwal har 28 ga Oktoba.

Kuma hutun a tsakiyar damina yake faɗowa: tabkuna cike, Gulbi ya kawo, sauro ya yi yawa. A ƙauye yaro na gona kusa da babansa. A birni fa? Kaka tana nesa. Mai hali ya biya kuɗin darasin hutu, ko ya ɗauko ƴar aiki daga ƙauye, ita ma ɗiyar wani ce. Maras hali ya ja ƙofa, ya ce Allah shi tsare.

Allah na tsarewa, amma mu ma da namu aikin. Azuzuwa suna nan a kulle, sai inda aka sauke waɗanda ruwa ya kora. Ɗaliban jami'a muna da su, su ma hutu suke. Mu nemi magajin gari da kwamitin iyaye su buɗe aji biyu a kowace unguwa, daga safe zuwa azahar: karatu kaɗan, wasa, tatsuniya, kunu. Kowane gida ya kawo abin da ya iya, ko tiyar hatsi ce.

Maza, da ku nake: ranar da ba ku fita, ku karɓi yaran. Takarda tana zagayawa, mai iya ba da safiya ɗaya a mako ya rubuta sunansa. Nawa ne na farko.