Amsoshin Wasiƙunku: Hoton Ungozoma A Bangon Kasuwa

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sayar da hatsi a wata kasuwar ƙauye ta wajen Funtuwa. Ya ce samarin garinsu sun yi karo-karo za su sa a zana hoton wata tsohuwar ungozoma da na mai gadin kasuwa a bangon rumfar masu awo, amma magana ta rabu biyu. Wasu dattawa sun ce bango na manya ne, ba su taɓa jin an kafa hoton talaka ba. Shi ne yake tambaya, wai shin ana yin haka a wani wuri a duniya? In ana yi, yaya ya kamata su ɓullo wa al'amarin?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Ana yi, kuma zan kawo maka misali biyu daga nan Afirka, ɗaya ya yi daɗi, ɗaya ya zo da gardama.

Na farko a ƙasar Kenya ne. A birnin Nairobi akwai wata babbar unguwar talakawa da ake kira Kibera, gidajenta na ƙasa da langa-langa, hanyar jirgin ƙasa ta ratsa ta tsakiyarta. Unguwar ta sha wuya a rikicin da ya biyo bayan zaɓen ƙasar na ƙarshen 2007. A 2009 wani mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Faransa, wanda aka sani da suna JR, ya je can da wani aiki da ya raɗa wa suna, in an fassara, "Mata Jarumai Ne". Ya ɗauki hotunan matan unguwar, irin waɗanda ke riƙe da gida kullum ba wanda ya san da su, ya buga idanunsu da fuskokinsu manya-manya.

Ga inda nake so ka kasa kunne. Bai buga hotunan a takarda ba, sai a leda mai kauri irin ta tamfol, wadda ruwa ba ya ratsawa, aka shimfiɗa su a kan rufin gidaje. Faɗin abin da aka rufe ya kai murabba'in mita 2,000, wato wajen rabin eka ke nan a lissafinmu na manoma. Ka ga an girmama mace, an kuma tare mata ruwan sama. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to a nan yabo da maganin yoyo tare suka zo. Har a jikin taragun jirgi aka liƙa idanun matan, aka kafa sauran fuskar a gangaren da ke ƙasan hanyar. In jirgi ya zo wucewa sai ido ya hau kan fuska, hoto ya cika, jirgi ya wuce abinsa.

Na biyu a ƙasar Tunisiya ne. Shugabansu Ben Ali ya shekara 23 a kan mulki, hotonsa ne ko'ina, har ya bar ƙasar ran 14 ga Janairun 2011. Cikin watan Maris na shekarar nan wasu masu ɗaukar hoto 'yan ƙasar, tare da taimakon shi wannan JR, suka liƙa hotunan mutane gama-gari a wuraren da a da ba a ganin fuskar kowa sai ta shugaba. Niyya mai kyau ce. Amma a wasu unguwanni mutane suka wayi gari suka ga fuskoki a bango ba wanda ya shawarce su, suka yayyage. Sun gaji da a kafa musu hoto ba da yardarsu ba, ko na wane ne.

To yanzu mu dawo kasuwarku. Su dattawan da suka ce bango na manya ne, a yi musu magana cikin ladabi. A tuna musu cewa duk lokacin zaɓe bangon nan yakan cika da hotunan 'yan takara, wasu ba su taɓa taka garin ba, damina ɗaya ta wanke su. Ita kuwa wannan baiwar Allah, mutum nawa cikin masu ciniki a rumfar nan ta yanke wa cibiya? Sau nawa aka buga mata ƙofa da tsakar dare ta fito? Shi ma mai gadi, kuna barci a gida yana zaune da tocila a kan buhunanku. Yabon gwani ya zama dole, kuma ya fi daɗi a yi shi mutum yana raye yana ji.

Sai dai kada ku yi irin kuskuren Tunisiya. Kafin a sayi fenti, a tura mata su je wurin ita Inna su ji ta bakinta, a kuma shawarci 'ya'yanta. Akwai tsohuwar da za ta ji kunya ƙwarai a ce fuskarta na kasuwa maza na kallo. In ta ce a'a, magana ta ƙare. A sanar da mai gari da sarkin kasuwa, a kuma je wurin liman, domin batun zanen mai rai abu ne da malamai suka yi bayani a kansa. In hoto bai yiwu ba, ai ana iya rubuta sunanta da aikinta da boko da ajami, a kewaye shi da ado irin wanda maginanmu ke yi a fuskar soro.

Abu na ƙarshe, ku ɗauki darasin Kibera. Kafin in zo gidan rediyo na yi koyarwa a firamare, na ga an yi wa wani tsohon malami bikin sallama da jawabai da lema da kujeru, washegari ya rasa kuɗin motar komawa garinsu. Kada ku ƙawata bango alhali ɗakin Inna na yoyo, ko mai gadi na bin ku bashin wata uku. Ku raba kuɗin nan biyu, rabi na bango, rabi na kwano da buhun masara.

Malam, in Allah ya sa kun yi, ka sake rubuto mana mu ji yadda aka ƙare, domin wasu garuruwan su amfana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.