Hoton da Ya Bar Hannu

Yau ba maganar sauro ko ruwan sha za mu yi ba. Maganar wani ciwo ce wanda allura ba ta yi masa, amma yana kawo mana yara ɗakin shan magani.

Kun san da can a ƙasar Daura, daga birni har Zango da Baure, a ƙofar gida ake zance, ƙanen yarinya na kai da kawowa, tsohuwa na gyaran murya daga ciki. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 zance ya fara sake wuri. Yanzu yarinya na kwance kusa da uwarta, saurayi na yi mata magana ta WhatsApp, ba mai ji. Inda ɓarnar take shi ne ran da ya ce, "In kina sona, turo mini hotonki ba tufafi, ni kaɗai zan gani."

To, wannan alkawari ba ya cikuwa, ko da yaron na da gaskiya. Hoto ba wasiƙa ba ne balle a karɓo a kekketa. Waya takan kwana wurin mai caji, ta je wurin mai gyara, aboki ya are ta. Ko irin hoton nan da ake buɗewa sau ɗaya ya ɓace, ana ɗaukarsa da wata waya. Ran da suka ɓata kuwa, sai ya zama makami.

Kada ku ce 'yan mata kaɗai abin ke ci. Akwai mazambata masu shiga da sunan mace, su yaudari yaro ya aika nasa, sa'an nan su ce kuɗi ko tonon asiri. A 2024 kamfanin Meta ya rufe shafukan Instagram wajen 63,000 na masu wannan sana'a daga ƙasarmu.

Bara wata uwa ta kawo mini 'yarta, shekararta 15, wai ciwon kai, ba ta ci, ba ta barci. An sha maganin zazzaɓi, an yi hayaƙin iska, ba sauƙi. Muka auna jini, ba komai. Sai da na roƙi uwar ta ɗan ba mu wuri, da ni da ungozoma, yarinyar ta fashe da kuka. Wata biyu wani na tsorata ta da hoto. Abin da ya fi tayar mini da hankali, har ta sayi fiya-fiya ta ɓoye, don tsoron babanta ya fi mata tsoron mutuwa.

Saboda haka, iyaye, in ɗanku ko 'yarku ta faɗa muku irin wannan, ku ajiye bulala tukuna. Ku kwashe maganin ƙwari da na ɓera daga inda hannunta zai kai, kada a bar ta ita kaɗai. Kada ku biya ko kwabo, wanda aka ba yau gobe zai dawo. Kada ku goge saƙonnin barazanar, su ne shaida wurin 'yan sanda. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗauri ga mai riƙe ko raba hoton tsiraicin wanda bai kai shekara 18 ba, watau har wanda aka turo wa ya tura gaba.

In yaron ya kasa cin abinci ko barci, ku kawo shi ɗakin magani, abin da aka faɗa mana ba ya fita. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.