Ƙasusuwan Goronyo da Tambayar Ɗalibi Kirista



Ƙasar nan da muke koyarwa a kanta ta taɓa zama gindin teku. A duwatsun yankinmu aka tono ƙasusuwan wata dabbar ruwa mai kama da kada, wadda masana 'yan Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, don jingina ta ga Goronyo. Masana duwatsu sun ce ta rayu fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce, ita kuwa duniya ta kai kimanin shekara biliyan 4.5.

To, a azuzuwanmu akwai 'ya'yan Kiristoci, kuma wata rana ɗayansu zai miƙe ya ce a cocinsu an faɗa musu duniya ba ta wuce shekara 6,000 ba. Kafin mu ba shi amsa, ya kamata mu san cewa Kiristoci kansu ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan magana.

Wasu suna ɗaukar kwana shida na Littafin Farawa a matsayin kwanaki irin namu. A 1650 Bishof James Ussher na Ailan ya lissafa shekarun zuriyoyin da ke cikin Littafi Mai Tsarki, ya ce an yi halitta a shekara ta 4004 kafin haihuwar Annabi Isa. Wasu kuma suna ganin kowane kwana a can zamani ne mai tsawo. Tun da daɗewa Agustin, babban malaminsu na ƙasar da ake kira Aljeriya yau, wanda ya rasu a 430, ya ce waɗancan kwanaki ba irin namu ba ne. Kashi na uku sun karɓi lissafin kimiyya, suna cewa ta wannan hanya Allah ya yi halittarsa. Georges Lemaître, wanda ya nuna a 1927 cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, limamin Katolika ne ɗan Beljiyam.

Saboda haka mu koyar da abin da manhaja ta ƙunsa, tare da hujjarsa, mu nuna wa yara yadda ake auna shekarun dutse. Kada mu bari aji ya yi wa mai tambaya dariya, domin yaron da aka kunyata ba ya sake ɗaga hannu. Abin da ya shafi aƙida kuwa, mu mayar da shi wurin iyayensa da malaman addininsa, mu kuma tabbatar ya iya amsa tambayar jarrabawa.

 Allah ya taya mu riƙon amanar yara.