Shirin Ko-ta-kwana kan Annobar Dabbobi: Darasi ga Gwarzo da Kabo

Abin da masana ke kira ƙarfin tsare-tsare shi ne hukuma ta riga ta tanadi doka da kuɗi da ma'aikata da hanyar samun labari tun kafin annoba ta sauka, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo suna cikin wuraren da wannan tanadi ya fi wajaba, saboda suna kan hanyar da ta haɗa Kano da kudancin jihar Katsina, kuma karar Getso tana tara shanu da tumaki da awaki daga garuruwa da rugage masu nisa, ta yadda cutar da ta shiga kasuwa da hantsi za ta iya kwana a ƙauyuka da dama.

Tarihin bushiya, wato annobar shanu mai zazzaɓi da zawo, ya isa misali. Shirin rigakafi na haɗin gwiwa da aka fara a 1962 tsakanin Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi ya karya lagon cutar, amma da aka kammala shi gwamnatoci suka yi sakaci da yi wa maruƙa allura, sai ta dawo a 1983 ta yi wa makiyayan Arewa mummunar ɓarna. An sabunta yaƙin a matakin Afirka a 1986, kuma sai a 2011 aka tabbatar da kawar da ita daga duniya. Ilimin haɗa allurar yana nan a cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda aka kafa tun 1924. Ɗorewar kulawa ce ta yi ƙaranci.

Murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a Jaji ta jihar Kaduna a farkon 2006 kafin ta bazu zuwa Kano, ta fito da matsala ta biyu, domin diyyar naira 250 da aka fara ayyanawa kan kowace kaza ba ta kai farashin kasuwa ba, lamarin da ya sa masu kiwo da yawa suka gwammace su sayar da kajinsu a ɓoye. Haka abin yake ga mai saniyar da ta kamu da ciwon huhu: idan ya san rahoto zai jawo masa killacewa ba tare da diyya ba, zai nemi dillali ya karya mata farashi, mahauci ya yanka, sauran garken kuwa ya ci gaba da shan ruwa a mashaya ɗaya da na maƙwabta. Saboda haka diyya mai adalci da ke zuwa da wuri ita ce ke sayo gaskiyar makiyayi.

Daga nan ake gane abin da ya kamata ƙaramar hukuma ta tanada. Akwai buƙatar sahihiyar hanyar rahoto wadda za ta taso daga arɗo da sarkin fawa da mai unguwa, ta bi ta dagaci da hakimi zuwa likitan dabbobi cikin yini guda. Akwai buƙatar firji mai aiki da hasken rana da akwatunan ƙanƙara, tunda allurar annobar awaki da tumaki, wadda duniya ta ƙudurta kawarwa nan da 2030, tana lalacewa cikin 'yan sa'o'i bayan an haɗa ta da ruwa a zafin bazara. Akwai kuma buƙatar asusun gaggawa da za a iya taɓawa ba tare da jiran sabon kasafi ba, da yarjejeniya da hukumomin Katsina kan lokacin rigakafi, tunda burtali ya ratsa jihohin biyu.

Kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya a 2024, da shirin noma da kiwo na jihar Kano wanda Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya tallafa wa, sun buɗe ƙofa, amma tallafin waje yana da wa'adi. Nauyin da ke kan majalisun Gwarzo da Kabo da majalisar dokokin jiha shi ne su mayar da waɗannan tanade-tanade doka mai kaso a kasafin kowace shekara.