Jawabi a kan albashin 'yan cin rani



Albashin lebura ba daga sama ya faɗo ba. Ran 3 ga Nuwamba 1952 ma'aikatan ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulki suka ajiye aiki, ran 15 ga Disamba aka sa hannu ga dokar aiki. Dokar ta ce awa 40 a sati, kuma aiki ɗaya biya ɗaya. Mafi ƙarancin albashi kuwa gwamna ke yanke shi, bayan ya ji shawarar wata majalisa inda wakilan sandika da na masu kamfani ke zaune, yawansu ɗaya. Kowane yanki da nasa farashi.

To, wa ya zauna don ɗan Tawa da ya tafi dako Kumasi, ko ɗan Maraɗi mai cin rani a Kano? Ba kowa. Dokar a iyaka ta tsaya. Can kuma sandika na mutanenta ne masu kati, shi baƙo ne, da damina zai koma gona. Mai kamfani ya san haka sarai, shi ya sa yake son sa.

A 1969 gwamnatin Busia a Ghana ta ba baƙi marasa takarda sati 2 su fita. Da yawa sun baro kayansu can.