Jawabi Kan Ɗaukar Mota Shata Don Ƙaura Zuwa Ƙetaren Iyaka



Yau maganarmu a kan ƙaura ce. Ba ƙaurar unguwa ba, wadda amalanke ke gamawa kafin azahar. Ina nufin ƙaurar da za ta tsallake iyaka. Mu da mutanen Nijar dangi ne. Muna aurayya, muna cin kasuwa ɗaya. Wani zai tashi daga Jibiya ya koma Maraɗi. Wani daga Ƙonni ya dawo Illela. Wata amarya a ɗauke ta daga Daura, a bi ta Kwangwalam a kai ta Damagaram. Duk waɗannan sai da mota mai ɗaukar kaya.

Tambayar farko ita ce, a saya ko a yi haya? Ni dai shawarata a yi haya. Wanda zai yi tafiya ɗaya bai da dalilin sayen tirela ko a-kori-kura. Kuma abin hawan da aka saya a wancan gefen, shi ma kaya ne a wurin kwastan, yana da nasa kuɗin fito. A farkon 2017 ma gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da motocin sayarwa ta kan iyakokin ƙasa. Kayan gida ɗaya kuwa, kanta ta ishe su. Babbar tirela sai in gidaje uku ko huɗu sun haɗa kuɗi.

To, ga babban abin da ya tara mu. Kada a ɗora ko tabarma a mota sai an yi rubutu biyu.

Rubutu na farko shi ne jerin kaya. Ɗauki takarda da biro. Rubuta gado ɗaya, katifa biyu, akwati uku, keken ɗinki ɗaya, buhun gero huɗu, har ka kai ƙarshe. Sa wa kowane buhu da kowane kwali lamba. Lambar da ke jikin kwali ita ce za ta kasance a takarda. A yi kwafi uku: ɗaya a aljihunka, ɗaya wurin direba, ɗaya na jami'an kan iyaka. In jami'i ya ce me ke cikin kwali na 7, sai ka duba ka faɗa masa. Wanda ba shi da jeri, sau da yawa sai a ce ya sauke komai ƙasa a duba, ga rana, ga kuɗin 'yan dako.

A nan iyayen amare su saurara da kyau. Kwastan na bambanta tsohon kayan amfanin gida da sabon kaya. Kayan ɗakin amarya kusan duk sababbi ne. Kwanuka dozin goma a cikin ledarsu, da atamfa turmi ashirin, suna kama da kayan ɗan kasuwa. Saboda haka a ajiye rasit na duk abin da aka saya. In an ce a biya fito, a biya a ofis, a karɓi rasit mai hatimi.

Rubutu na biyu shi ne yarjejeniya da direba. A yi ta a tasha, gaban shugabannin tasha, ba a bakin hanya ba. A rubuta sunansa, da lambar motar, da kuɗin shata, da abin da aka ba shi na kafin alƙalami. A rubuta ko da naira za a cika masa ko da sefa. A rubuta wanda zai biya mai da kuɗin hanya. A rubuta ƙofar gidan da za a sauke kaya, don wasu direbobin iyakarsu bakin iyaka, daga nan sai ka nemi wata motar. Ragowar kuɗi kuma sai kaya sun sauka.

Akwai wani sharaɗi da na fi so ku riƙe. Motar da ka ɗauka shata taka ce har a sauke. Kada direba ya ƙara kayan kowa. Na taɓa raka wani ɗan'uwana ɗauko kayansa, muka yi lodi da yamma, muka bar motar ta kwana wurin direba. Ashe da dare an cusa buhunan shinkafar waje a ƙarƙashin katifu. Aka gano su a shingen bincike. Aka tsare mota da duk abin da ke cikinta. Mun sha zirga-zirga kafin a sako mana kayanmu, kuma jerin da muka rubuta shi ya fid da mu. Tun 2016 aka hana shigo da shinkafa Nijeriya ta kan iyakar ƙasa, direban kuma ya sani sarai. Don haka ka tsaya a kan lodi da kanka, ka ga an ɗaure tamfol, ka shiga motar ku tafi tare.

Sai takardu. Direba ya nuna maka lasinsa, da takardun mota, da inshorar da ke aiki a ƙasar da za a shiga. Kai ma ka riƙe fasfo ko takardar tafiya, da katin allurar rigakafin shawara. In da dabbobi a cikin ƙaurar, a nemi takardar likitan dabbobi.

Dokar kan iyaka tana sauyawa. Nijeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta na 2019, sai Disamba na 2020 aka fara buɗewa. An sake rufe ta Nijar a 2023 bayan juyin mulki, Nijeriya ta buɗe nata gefen a watan Maris na 2024. A Janairu na 2025 kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS. Saboda haka, ana saura kwana biyu ko uku a yi lodi, ka je bakin iyaka da ƙafarka. Ka nuna wa kwastan da jami'an shige da fice jerin kayanka, ka tambayi abin da ake bukata a gefe biyun.

Ranar tafiya a tashi da asuba, don a isa ofis yana buɗe, a gama da rana. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna, ya zo da jerin kayansa aji, mu rubuta tare a kan allo.

Allah ya kai kowa gida lafiya.